Yadda Dila Zai Kafa Tsarin Bayanan Kasuwanci da Zai Riƙa Yanke Shawara da Shi

Dilan da ke da shago a Babbar Kasuwar Gombe, da sito a bayan gari, da reshe a Kumo ko Bajoga, akwai ranar da kansa zai daina ɗaukar lissafin. Ya tambayi buhun sukari nawa ya rage, mai sito ya ce 85, yaron shago ya ce 70, littafin akawu ya nuna 92. Ba lallai wani ya yi sata ba. Buhu 15 an sayar amma mai su bai turo mota ba, suna nan jibge a sito. Bakwai kuma sun tafi Kumo da asuba, takardar fitarsu ba ta iso teburin akawu ba. Kowa gaskiyarsa ya faɗa. Sai dai wanda zai kira Kano ya ba da oda yana bukatar lamba ɗaya, kuma lambar ita ce 70.

Aikin tsarin bayanan kasuwanci ke nan: rumbu ɗaya da saye, sayarwa, sito, bashi da kuɗi duk suke zuba bayani a cikinsa, ta yadda idan kashiya ta buga rasit a shago, nan take kayan sito su ragu, bashin mai saye ya ƙaru, lissafin riba ya motsa. Masana suna kiran irin wannan manhaja ERP, sunan da kamfanin bincike na Gartner ya yaɗa a 1990. Asalinta masana'antu ne da ke lissafin kayan da za su saya don kada injin ya tsaya, kuma SAP, wanda tsofaffin injiniyoyin IBM biyar suka kafa a Jamus a 1972, yana cikin manya a fagen. Yau tunanin ya sauko har kan wayar hannu.

Fara da shawarar, ka bar zancen manhaja tukuna

Mafi yawan waɗanda suka yi asarar kuɗi a wannan harka daga sayen manhaja suka fara. Kafin ka saurari kowane mai talla, zauna da manajanka da akanta ku rubuta a takarda shawarwarin da kuke yankewa a kai a kai. A harkar sari ba su cika wuce biyar ba: me za a sayo, nawa, kuma yaushe; wa za a ba bashi, har nawa; yaushe za a taɓa farashi; wane kaya ya yi kwantai; wane reshe ke cin jari. A gaban kowace shawara ku rubuta lambar da kuke bukata, da wanda zai duba ta, da ranar da zai duba. Yaron shago yana bukatar tasa kullum, manaja kowane mako, maigida kowane wata. Duk rahoton da ba a ɗaure shi da wata shawara ba, ado ne, kada ka biya kuɗinsa.

Daga nan zaɓin manhaja ba wuya. Shago ɗaya mai kaya ƙasa da iri ɗari, da mutum ɗaya ke shigar da bayani, Excel ko Google Sheets ya ishe shi. Da zarar wurare sun zama biyu, ko masu shigarwa sun kai uku, sai manhaja mai rumbu ɗaya. ERPNext kyauta ce, amma ɗora ta da gyara ta kuɗi ne. Odoo tana da ta kyauta, wasu sassanta kuma sai an biya. Akwai Sage, QuickBooks da Zoho, akwai kuma waɗanda matasan gida ke rubutawa. Kowacce ce, ka yi wa mai sayarwa tambaya uku ya nuna maka amsa a gabanka: idan intanet ya ɗauke ana iya ci gaba da buga rasit? Idan muka rabu zan iya kwashe bayanaina gaba ɗaya a Excel? Idan ta tsaya ana gobe Sallah, wa zan kira, kuma a Gombe yake ko a Legas? Ta ukun ce mutane ke mantawa, ita ce kuma ke sa kuka.

Sunayen kaya da na mutane

Nan ne aikin da ba wanda ke so, kuma nan ne ake ci ko a faɗi. Kowane kaya suna ɗaya, lamba ɗaya. Idan wani ya rubuta "sukari babba", wani ya rubuta "suga 50kg", manhaja za ta ɗauke su kaya biyu, kowanne da rabin tarihin cinikinsa, duk lissafin da ya biyo baya ya gurɓace. Ku tsayar da ƙa'ida: iri, kamfani, girma. Mutum ɗaya kaɗai za a ba ikon ƙirƙirar sabon kaya.

Sai ma'auni. Ana sayo taliya a katan, a sayar da katan, wani lokaci rabi, wani lokaci ɗaiɗai. A faɗa wa manhaja ƙaramin ma'auni, a kuma faɗa mata guda nawa ke cikin katan, a bar mata jujjuyawar. Kuskure ɗaya a nan, a ce an sa 24 inda 20 ne, zai riƙa haifar da ƙarin kaya huɗu na ƙarya a kowane katan har ranar ƙidaya. Masu hatsi a Tudun Hatsi tasu matsalar ta fi: mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, cikon buhu ma ya danganta da hannun mai awo. Su yi lissafin ciki da kilo a kan sikeli, mudu ya tsaya a bakin ciniki. Su kuma buɗe layi na musamman don ragin bushewa, domin masarar da aka saya da kaka tana da sauran danshi, nauyinta zai ragu a sito. In ba a rubuta wannan ragi da sunansa ba, kan mai sito zai faɗa.

Abokan ciniki kuwa, lambar waya ce shaidarsu a tsarin. A kasuwa ɗaya za ka samu Alhaji Sani uku, biyu daga cikinsu masu shagon tireda ne. Kuɗin wannan ya shiga asusun wancan, sai a zo ana rantse-rantse. A tuna kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, don haka jerin lambobin nan amana ne, ba na turawa a zauren WhatsApp ba ne.

Ranar farawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a fara ana saura mako biyu azumi, ko a tsakiyar rububin taki da farkon damina. A zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa. A rufe sito yini guda, mutum biyu su ƙirga kowane kaya daban-daban ba tare da sun ga lissafin littafi ba, inda suka saɓa a sake. Abin da aka ƙirga shi za a shigar, ba abin da littafi ya ce ba. Kowane mai bashi a kira shi a karanta masa abin da ake bin sa, ya amince, sannan a shigar. Bashin da ake gardama a kansa a ware shi gefe.

Wata guda na farko a riƙa tafiya da littafi da manhaja tare, kowace yamma a gwada jimillar biyun. Bayan wata a ɗauke littafin daga kan tebur. In aka bar shi, yara za su koma masa, manhaja ta zama abin da ake cikawa ranar Asabar daga ƙwaƙwalwa.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfutar cinya ta fi ta tebur a nan, domin tana da batir a jikinta kuma ba ta cin wuta, galibi wat 45 zuwa 65. Ƙaramar sola da inbata za su riƙe ta da firintar rasit da na'urar intanet duk yini. A sa layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Rasit ɗin da ake bugawa da zafi yana goge kansa, a zafin Maris da Afrilu kuwa ba ya daɗewa a aljihu ko a gaban mota, saboda haka takardar bashi a buga ta a farar takarda a sa hannu. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, a riƙa rufe ta da dare.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta

Kaya ba ya motsi sai da takarda daga tsarin. Mai sito ba ya buɗe ƙofa don an kira shi a waya, ko da maigida ne ya kira. Wannan ne wurin da ya fi wuya, kuma yawanci maigidan ne ke fara karya ta: "Ba wa direba buhu biyu na shinkafa ya kai gida, za a rubuta." Ba a rubutawa. Maganin shi ne a buɗe asusu mai suna kayan gida, wani kuma na kyauta da sadaka. Maigida ya ɗebi abin da ya ga dama, dukiyarsa ce, amma a buga masa takarda kamar kowa. Manaja ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, bari a fitar da takardar, minti ɗaya ne." In yara suka ga Alhaji da kansa yana jiran takarda, magana ta ƙare.

Akwai saituna huɗu da za a ɗaure tun ranar farko. A hana sayar da kayan da tsarin ya nuna babu, domin in an bari lissafi ya shiga ƙasa da sifili, farashin saye ma rikicewa yake. A hana komawa baya a canza kwanan wata bayan an rufe lissafin yini. A hana goge rasit, sai dai a soke shi da izinin manaja, sunan mai sokewa da dalili su tsaya. Kowa kuma da kalmar sirrinsa. Shagon da mutum biyar ke shiga da sunan maigida ba shi da wani tsari, littafi ne mai amfani da lantarki.

Kayan da aka tura reshe su zauna a matsayin "suna hanya" har sai Kumo ta ƙirga ta ce ta karɓa. Katan 50 suka tashi, 48 suka isa, a ranar za a sani, direba ma bai yi nisa ba. Haka wajen saye: odar da aka bayar, da abin da mai sito ya ƙirga a bakin mota, da takardar kuɗin kamfani, sai ukun sun dace a biya. Kuɗin da suka shigo ta taransfa ko POS kuwa, kowace yamma a gwada su da bayanin banki, ba da alat ɗin da mai saye ya nuna a wayarsa ba.

Yaushe za a sayo

Yanzu aka zo inda kuɗin manhaja ke fita. Bayan wata biyu zuwa uku na bayani mai tsabta, kowane kaya mai tafiya a sa masa iyakar da in ya sauko kanta za a ba da oda. Lissafin: abin da ake sayarwa a yini, sau kwanakin da kaya ke ɗauka kafin su iso, a ƙara na ko-ta-kwana. Misali, kana sayar da katan 40 na taliya a yini, daga kiran waya zuwa sauke kaya kwana shida ne. Katan 240 ke nan. Mota takan makara, ka ƙara na kwana uku, 120. Da zarar abin da ya rage ya taɓa 360, oda ta tashi.

Wurare biyu ake kuskure. Na farko, kwanakin isowa: mutane suna sa awannin da mota ke yi a hanya, su manta da jiran lodi a kamfani da kwanan da kuɗi ke yi kafin a tabbatar. A ɗauko ranar oda da ranar karɓa na sayayya goma da suka wuce, tsarin yana da su, a yi aiki da abin da suka nuna. Na biyu, "abin da ya rage" yana nufin wanda ba a sayar ba, a haɗa da wanda aka riga aka yi oda yana hanya. Buhunan nan 15 da ke jiran mai su ba naka ba ne.

Sai a kula, manhaja ba ta san azumi ba. Tana duba kwana 30 da suka wuce ta ce komai lafiya, alhali sukari, madara, man girki da gero suna gab da tashi. Kwatanta Maris na bana da Maris na bara ma ba ya aiki, domin azumi yana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara. A fitar da cinikin bara daga tsakiyar Sha'aban zuwa Sallah, a ɗora shi kan kwanakin bana, a ɗaga iyakar oda da hannu makonni uku kafin lokaci, a kuma tuna a sauke ta bayan Sallah. Haka taki da maganin feshi da damina, haka siminti da rani. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: tsohon ɗan kasuwa ya san abin da ke tafe, tsarin kuma ya san nawa aka sayar bara. A haɗa su.

Farashi, da ribar da ba riba ba

Kuɗin kaya ba shi ne abin da ke kan takardar kamfani kaɗai ba. Kuɗin mota, na 'yan dako wajen lodi da saukewa, abin da aka biya a hanya, da wanda ya fashe, duk a raba su a kan kayan da motar ta ɗauko kafin a ce ga uwar kuɗi. Manhajoji masu kyau suna da wurin yin haka. In ba a yi ba, kaya masu nauyi da ƙaramar riba, irin siminti da gishiri, za su riƙa nuna ribar da babu ita.

Tarko na biyu ya kama mutane da yawa bayan cire tallafin mai da sakin naira a tsakiyar 2023, lokacin da farashi ya riƙa canzawa cikin mako. Yawancin manhajoji suna lissafin riba da matsakaicin kuɗin saye. Ka ce kana da katan 100 da ka saya naira 10,000, ka ƙaro 100 a 12,000. Matsakaici 11,000. Ka sayar 11,600, allo ya nuna ribar 600, kowa na murna. Amma katan da ka fitar, mayar da shi sito zai ci 12,000. Kowane ciniki yana rage maka 400 daga ƙarfin sake sayowa. Wata shida a haka, riba tana nan a rubuce, sito kuma ya rame. Ka sa a ƙara maka layi a rahoton farashi mai nuna kuɗin saye na ƙarshe, ka tsayar da farashin sayarwa a kansa. Matsakaicin a bar wa akanta. Shi ne kuma zai yi wa kowane kaya alamar ko harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake karɓa tun Fabrairun 2020, ya hau kansa, domin ba duk kayan abinci ake ɗora wa ba.

Bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba a sari ba tare da shi ba. Jimillarsa ba ta faɗa maka komai, shekarunsa ne ke magana. Rahoton da aka saba yana kasa shi kwana 30, 60, 90, amma ga kayan masarufi da ke juyawa cikin mako wannan ya yi faɗi. A mayar da shi 7, 14, 30, da abin da ya haura. Kowane abokin ciniki a sa masa iyaka biyu, ta kuɗi da ta kwana, tsarin ya ƙi buga sabon rasit in ya tsallake ɗaya, sai maigida ya buɗe da kansa.

Akwai mai wayon da ke kawo 200,000 ya ɗauki kayan 300,000 kowane mako. Fuskarsa kullum a shago, kowa na ganin mai biya ne, bashinsa kuwa yana hawa da 100,000 duk zuwa. Ido ba ya kama wannan, layin wata uku a allo yana kama shi. A saita tsarin ya riƙa cire kowane biya daga rasit mafi tsufa. Amfanin iyakar nan har da sauƙaƙa wa yaro: ba shi ya hana Baba kaya ba, "na'ura ce ta rufe, sai Alhaji ya zo."

Kwantai da ƙidaya

Sau ɗaya a wata a fitar da jerin kayan da ba su motsa ba cikin kwana 60, da kuɗin da ke kwance a kansu, da ranar lalacewar masu lalacewa. Yawancin 'yan kasuwa ba sa son karya farashi don kada a ce sun faɗi. Amma miliyan biyu da ta kwanta wata huɗu, da an sa ta a kayan da ke juyawa sau biyu a wata, da ta juya sau takwas. Da wannan lissafin za a auna ragin da za a yi.

Ba sai an rufe sito ana ƙidaya duk wata ba. Kaya 20 da suka fi ɗaukar jari a ƙirga su kowane mako, biyar-biyar a kwana huɗu, sauran a bi su a zagaye cikin wata uku. Mai ƙirgawa kada ya zama mai riƙe makulli. In an samu bambanci kada a yi saurin gyara lamba, ruwa ba ya tsami banza: a duba ma'auni, a duba kayan hanya, a duba rasit da aka soke, sannan a zo kan mutum. Mai wannan tsari kuma in ranar fitar da zakkarsa ta zagayo, ƙimar kaya a farashin ranar, da kuɗin hannu da na banki, da bashin da ake sa ran biya, duk suna fitowa a takarda ɗaya ya kai wa malami a fitar da ɗaya bisa arba'in.

Ajiyar bayanai

In manhajar a kwamfutar shago take zaune, kowace yamma a kwafi rumbun zuwa wuri biyu: faifan ajiya da zai kwana a wani gida daban, da kuma intanet. Gobarar kasuwa ba ta tambayar wane ɗaki kwamfuta take. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan lissafi shekara shida, don haka ba a share na bara don a samu wuri. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba kuwa, ba a san ko yana aiki ba. Duk wata uku a ɗauko na jiya, a ɗora shi a wata kwamfuta, a nemi rasit na ƙarshe da aka buga kafin a tashi, a ga ko lambarsa da kuɗinsa sun yi daidai da wanda ke cikin aljihun tebur.